JAKIN JEJI DA GANSAKUKAR DUTSE: Bayani ga Hakimai da Magatakarda

Wannan takarda an shirya ta ne domin hakiman ƙasashen kudancin Kano, watau Tudun Wada da Doguwa da Kiru da Bebeji, tare da magatakardansu, don su karanta, su kuma bayyana wa dagatai da masu unguwanni abin da ke ciki. Za mu gwama halittu biyu waɗanda ba wanda zai zaci akwai abin da ya haɗa su. Ɗaya dabba ce mai ƙafa huɗu, mai gudu kamar doki. Ɗaya kuwa wani tabo-tabo ne da ke liƙe a jikin dutse ko itace, wanda mutum zai taka ya wuce bai ko san mai rai ba ne. Dalilin gwama su shi ne, hanyar da ɓarna ta bi ta same su iri ɗaya ce, ita ce kuma hanyar da take bi yanzu zuwa ga jakunanmu na gida da Dajin Falgore.

JAKIN JEJI

Da fari kada a rikita shi da jakin dawa mai zane-zane fari da baƙi wanda yara ke gani cikin littattafan makaranta. Wannan dabam ne. Jakin jeji kamarsa ɗaya da jakinmu, sai dai ya fi shi tsawon ƙafa da kyan tsayuwa. Tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa ya kai ƙafa 4 ko ya ɗara kaɗan, nauyinsa wajen kilo 250. Jikinsa toka-toka ne, cikinsa fari. Irin na ƙasar Somaliya yana da baƙaƙen zane a ƙafafu kaɗai, irin na ƙasar Nuba kuwa yana da baƙin layi gicciye a kafaɗa, kamar wanda muke gani a bayan jakunanmu.

Kamar nan ba a banza take ba, gama shi ne kakan dukan jakunan gida na duniya. Auraki da duni da idabari da fari, duk daga gare shi suka fito. Binciken jinin jakuna da masana suka buga a 2022 ya nuna cewa a gabashin Afirka aka fara horar da shi, kimanin shekara 7,000 da suka wuce. A garin Abidos na ƙasar Masar an tono ƙasusuwan jakuna 10 da aka binne kusa da wani sarki, shekara wajen 5,000 ke nan, ƙasusuwan nan kuwa suna ɗauke da alamar ɗaukar kaya. Ashe jakin da fatake suka kora zuwa Gwanja neman goro, da wanda ya kai gyaɗa Kano bayan zuwan jirgin ƙasa, da wanda ke kai taki gona da mangala har gobe, jikokin wannan dabba ne.

Yau ragowarsa tana cikin hamadar Danakil, a ƙasar Habasha da Iritiriya, wurin da ke cikin mafi zafi a duniya duka. Ƙasar duwatsu ce da gishiri da ƙaya. Jakin jeji yana cin busasshiyar ciyawa da ganyen ƙaya waɗanda saniya ba za ta rayu a kansu ba. Yana iya kwana biyu ko uku bai sha ruwa ba. An gwada an ga jaki yana jure ƙishirwa har ya rasa kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa, sa'an nan in ya sami ruwa ya mayar cikin ɗan lokaci.

To, duk da wannan juriya, ga shi yana bakin ƙarewa. Akwai wata ƙungiya ta duniya mai kula da halittu, wadda aka kafa a 1948, hedkwatarta tana ƙasar Suwizalan. Tun 1964 take riƙe da wani kundi da ake kira Jan Kundi, inda ake rubuta halittun da ake tsoron ɓacewarsu, kowace da matakinta. Tun 1996 jakin jeji na Afirka yake a mataki na ƙarshe kafin a ce abu ya ƙare a daji. A farkon shekarun 1970 ana lissafa su da dubbai a Habasha kaɗai. A ƙiyasin 2015 kuwa, manyan da suka isa haihuwa ba su wuce 200 ba a daji.

Abu uku ne suka jawo haka. Na ɗaya farauta, don nama da kuma kitsensa da ƙashinsa da ake magani da su, ga kuma bindigogi da yaƙe-yaƙen yankin suka baza a hannun mutane. Na biyu ruwa. Jaka mai shayarwa ba ta da juriyar namiji, dole ta sha kullum, saboda haka ba ta nisa da mashaya. Kadan makiyaya suka sauka a bakin mashayar da garkunansu, sai tsoro ya hana ta zuwa, nono ya ƙafe, ɗan ya mutu. Na uku, wanda shi ne tushen maganarmu, jinkirin haihuwa. Jaka takan yi shekara 3 ko 4 kafin haihuwar fari, cikinta wata 12 ne, ɗa ɗaya take haifa, a daji kuwa galibi sai ta tsallake shekara. Ku gwada da akuya, wadda ke haihuwa cikin wata 5, sau da yawa tagwaye. Garken awaki in annoba ta taɓa shi yana komowa cikin shekara kaɗan. Garken jakuna ba haka yake ba.

Malamanmu sun san jakin jeji cikin littattafan fiƙihu, inda aka rarrabe hukuncin namansa da na jakin gida. Wanda Larabawa suka sani a ƙasar Sham da Iraƙi da arewacin Arabiya ɗan'uwan na Afirka ne. A 1927 aka harbe na ƙarshe da aka sani a daji, kusa da mashayar Azraƙ a ƙasar Jodan. Sunansa yana nan cikin littafi ana karantawa, dabbar kuwa babu ita.

GANSAKUKAR DUTSE

Yanzu mu bar hamada mu komo gida. Wanda ya hau duwatsun Riruwai, ko ya dubi gindin tsohuwar ɗorawa ko kaɗanya a wuri mai laima, zai ga wasu tabbuna a jikinsu, wani fari-fari, wani toka-toka, wani rawaya. Wani ya manne ƙam kamar an shafa fenti, wani gefensa ya ɗago kamar busasshen ganye. Turawa suna ce da shi laikin. Mu a nan za mu kira shi gansakukar dutse, don a bambanta shi da koriyar gansakuka ta jikin randa da bakin rijiya. Masana sun lissafa irinta wajen 20,000 a duniya.

Abin mamaki game da ita shi ne, halitta biyu ce suka yi tarayya suka zama kamar ɗaya. Ɗaya daga dangin fumfuna da naman kaza take, ita ce ke gina jikin, ta kama dutse, ta tsare laima. Ɗaya kuwa daga dangin koriyar gansakuka take, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, suna zaune a cikin jikin, suna haɗa abinci daga hasken rana su ciyar da su biyun. Misalinsu kamar Bafillace da manomi ne lokacin zaman lafiya: wannan ya ba da sheƙar gona, wancan ya bar taki. Wani masani mutumin Suwizalan, Simon Schwendener, shi ya fara faɗin haka a 1867, 'yan'uwansa masana suka daɗe suna musu kafin su yarda.

A lura, ita ba kauci ba ce. Kauci yana huda reshe ya sha ruwan itace har ya raunana shi. Gansakukar dutse ba ta da saiwa, ba ta shan kome daga itacen da take kai, wurin zama kaɗai take nema. Ruwanta da abincinta daga sama suke, watau ruwan sama da raɓa da ƙurar iska. Don haka mai lambu ba shi da dalilin kankare ta daga mangwaronsa.

Juriyarta ta fi ta jakin jeji nesa. Da rani takan bushe ƙayau, ta yi kamar ta mutu, har watanni. Mai son ya gani da idonsa, sai ya sami irin mai kama da ganye cikin hunturu, ya yayyafa mata ruwa, ya jira kaɗan, zai ga ta yi laushi launinta ya juya zuwa kore. Akwai wata iri a duwatsun ƙasashen sanyi, rawaya-kore ce da baƙaƙen layuka sun rarraba ta kamar taswirar gundumomi, saboda haka ake ce mata mai taswira. A 2005 masanan Turai suka sa ta cikin kumbo, aka buɗe ta a sararin samaniya kusan kwana 15, inda babu iska, ga zafin rana da sanyi marasa misali. Da aka komo da ita aka jiƙa, sai ta ci gaba da rayuwarta.

Amma girmanta sannu ne ƙwarai. A wurare da yawa mai taswira takan yi shekara 50 ko fiye kafin faɗinta ya ƙaru da inci 1. Akwai waɗanda aka ƙiyasta shekarunsu da dubbai. Tun wajen 1950 wani masani mutumin Ostiriya, Roland Beschel, ya nuna cewa in an auna faɗinta ana iya gane tun yaushe dutsen da take kai ya fito fili. Tabon da bai fi tafin hannu ba yana iya girme kakan mai kallonsa. Gobara ɗaya ko gudumar mai fasa dutse tana share shi cikin ƙiftawar ido.

Amfaninta ba a ganinsa da sauri. Ita ce ke fara zama a kan tsuran dutse, tana cinsa a hankali, tana tara ƙura, har a sami 'yar ƙasa da ciyawa za ta kama, bayan ciyawa itace. Daga wasu irinta ake samun rinin takardar gwaji da ɗalibai ke tsomawa cikin ruwa mai tsami ta koma ja. Babban amfaninta kuwa shi ne shaida. Da yake daga iska take ci, ba ta da hanyar tace abin da ke shigarta. Tun 1866 wani masani mai suna William Nylander ya lura a birnin Faris cewa tana gudun wurin da iska ta ɓaci. A Landan hayaƙin kwal mai farar wuta ya kore ta daga tsakiyar birni, ba ta fara komowa ba sai shekaru bayan dokar tsabtace iska ta 1956.

A cikin danginta akwai wadda ta shiga Jan Kundi a 2003, a mataki ɗaya da jakin jeji. Wata iri ce mai laushin gashi-gashi, mai zama a jikin itatuwan kurmi mai laima a gabashin Kanada da arewacin Turai. Saran kurmi da gurɓatar iska su suka kai ta nan.

INDA SUKA HAƊU

Ga dabba mai kilo 250, ga tabo wanda bai kai nauyin ƙwandala ba, magatakardan duniya sun rubuta su a shafi ɗaya. Abin da ya haɗa su uku ne.

Na farko, dukansu sun fi ƙarfin wahalar da Allah ya halicce su a ciki. Zafin Danakil bai ƙarar da jaki ba cikin shekaru dubbai, fari da sanyi ba su kashe gansakuka ba. Abin da ba su saba da shi ba, watau harsashi da gatari da hayaƙi, shi ya ci su. Kada ganin ƙarfin abu ya sa a ɗauka ba ya ƙarewa.

Na biyu, dukansu masu jinkirin mayarwa ne. Kowane mai rumbu ya san in ana ɗiba fiye da abin da ake zubawa, kome girman rumbun wata rana za a ga gindinsa. Jaka tana ba da ɗa ɗaya a shekara biyu, gansakuka tana ba da inci ɗaya a rabin ƙarni. Wanda ya ɗiba da gaggawa daga irin wannan rumbu, ba shi zai ga cikarsa ba, ko ɗansa.

Na uku shi ne wanda ya fi shafar masu mulkin ƙasa. An gwada tsare su duka biyu da shata iyaka, abin bai yi ba. A ƙasar Suwidin, cikin tsakiyar ƙarni na 20, aka keɓe ɗan kurmin da gansakuka mai gashin nan take, aka hana taɓa shi. Amma aka sare kurmin da ke kewaye. Rana da iska suka shigo, laima ta tafi, gansakukar ta ɓace ba tare da wani ya sa mata hannu ba. A Habasha kuma aka keɓe dajin Yangudi Rasa musamman don jakin jeji, amma ba a daidaita da makiyayan wurin kan ruwa da kiwo ba, masu bincike na baya suka nemi jakin a ciki suka rasa. Inda ya fi samun sauƙi yau shi ne tudun Mesir a Iritiriya, wurin da makiyayan Afar ba su farautarsa, suna barinsa ya sha ya yi kiwo kusa da dabbobinsu. Abin da takardar hukuma ta kasa, halin mutanen wurin ya yi.

Akwai bambanci ɗaya da ya kamata a riƙe. Babbar dabba in ta ragu kowa yana lura, amma sau da yawa sai aski ya zo gaban goshi. Ƙaramin abu kuwa shi ke fara tafiya, ba a kula. Mai hankali yakan dubi ƙaramin don ya san abin da ke tafe wa babban.

ABIN DA YA SHAFE MU

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ba mu da jakin jeji a ƙasar Kano, amma muna da jikansa, shi ma kuwa an sa shi gaba. A ƙasar Sin ana dafa fatar jaki a fitar da wani magani mai tsada, bukatarsa ta kai fatu miliyoyi kowace shekara. Dillalai suka bazu kasuwannin Afirka, irin su Maigatari, suna saye ana lodawa a mota zuwa mahauta. Jamhuriyar Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016. A watan Fabrairu na 2024 shugabannin Tarayyar Afirka, a taronsu na Adis Ababa, suka amince a hana yanka jakuna don fata a nahiyar duka. Jakar gida ma wata 12 take ɗaukar ciki, ɗa ɗaya take haifa. Talakan da ya sayar da jakarsa don kuɗi sun yi kyau, in ya koma kasuwa baɗi zai tarar kuɗin ba su sayen wata.

Haka kuma Dajin Falgore. Tun shekarun 1940 aka keɓe shi da sunan gandun dajin Kogin Kano, a shekarun 1960 aka mai da shi gandun namun daji. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya taɓa ƙasar Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Ta cikinsa Kogin Kano ya ratso ya zuba a madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, wadda kuma noman rani na Kadawa ya dogara a kanta. Itatuwan dajin nan su ke riƙe ƙasa kada ruwa ya kwashe ta ya cike madatsar da yashi. Ƙirya da maje da doka da kawo duk masu jinkirin girma ne. Ƙiryar da mai gawayi zai ƙone cikin kwana uku ta yi shekaru da yawa tana tashi. Iyakar dajin tana nan a taswira, amma mun riga mun ga abin da iyaka kaɗai ta yi a Suwidin da Habasha.

ABIN DA AKE ROƘON HAKIMAI

1. A sa dagatai su ƙidaya jakunan ƙasarsu sau ɗaya a shekara, bayan kaka, kamar yadda aka saba ƙidayar shanu a zamanin jangali, amma a bayyana wa jama'a ba don haraji ba ne. Magatakarda ya rubuta maza dabam, mata dabam, 'ya'yan bana dabam. Yawan mata da 'ya'ya shi ke nuna ko garke yana gaba ko baya.

2. A gargaɗi talakawa kada su sayar da jaka mace ga wanda ba a san inda zai kai ta ba, balle mai ciki. Sarakunan kasuwa su sa ido.

3. A ja kunnen mafarauta da masu neman zuma game da sa wa daji wuta, musamman a ƙarshen rani sa'ad da ciyawa ta bushe sarai, gama wutar lokacin ita ke cin ɓawon itace da ƙananan tsiro.

4. Garuruwan da ke bakin gandu, a zauna da ardo-ardo da sarakunan noma da ma'aikatan daji a daidaita kan burtali da mashaya. Abin da aka yi shawara da mutane sun fi tsare shi bisa abin da aka karanta musu.

5. Kowane magatakarda ya zaɓi dutse ɗaya da tsohon itace ɗaya masu gansakuka a ƙasarsa, ya auna faɗin tabo biyu ko uku da rula, ya rubuta wuri da kwanan wata cikin littafin ofis. A sake duba su kowace shekara. Ba za a ga ƙari mai yawa ba, kada wannan ya sa a bari. Abin da ake nema a sani shi ne ko suna nan, in kuwa sun ɓace, me ya faru a wurin: wuta ce, ko sara, ko fasa dutse, ko hayaƙi.

Aikin nan ba ya bukatar kuɗi, sai alƙalami da naci. Da an sami wanda ya riƙa rubuta yawan jakunan jejin Sham shekara-shekara, da an ga raguwarsu tun da sauran dama. Magatakardan da ya fara wannan littafi bana, mai yiwuwa wanda ya gaje shi ne zai ci amfaninsa, kamar yadda mai dasa ɗorawa yake dasa wa na baya.

Muna roƙon hakimai su sa a karanta wannan takarda a zaman majalisarsu.